Dillalin kasuwa ko intanet: ina ya dace a kai tsofaffin kayan gado?

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiya, ya kai haske kabarinta. Kin tambaya ko ya fi miki ki kira dillali ya kai kayan ɗakin da ta bari Babbar Kasuwar Maradi, ko kuwa ki ɗauki hotonsu ki sa a Facebook da WhatsApp, kuma kin lissafa abin da ke hannunki: kwanonin jere na da, tasoshin tagulla, keken ɗinki Singer, murjani da tsakiya, da wasu dalolin azurfa. Shawarata ita ce kada ki bi da su duka ta hanya ɗaya, domin la'adar da ake ba dillali kuɗin saninsa ne da kuma tsayawar da yake yi tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma duk wanda ya shiga intanet ya ɗora wa kansa waɗannan ayyuka biyu, ko ya iya ko bai iya ba.

Tun da kayan gado ne, ki tabbata an raba, ko kuma sauran magada sun wakilta ki a gaban shaidu. A nan ma hanyoyin biyu sun sha bamban: dillali yana ɗaukar kaya a rufe ya sayar ba tare da unguwa ta sani ba, amma hoton da aka ɗora a WhatsApp kafin la'asar ya isa wurin gwaggo da ke Tibiri da kawu da ke Tasawa, kuma akwai gidajen da har yanzu suke ganin tallar kwanonin uwa a bainar jama'a abin kunya ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ribar ciniki ba ta gyara zumuncin da ya ɓaci.

Ta fuskar farashi, raunin kasuwarmu shi ne yawancin masu saye suna kallon tsohon abu a matsayin gwanjo, wato tsufansa ragi ne a wurinsu, ba ƙari ba. Tasar tagulla da aka yi wa zane da hannu sau da yawa a kan sikeli take ƙarewa, a biya kuɗin nauyinta, azurfa kuma ta tafi wurin maƙeri a narkar da ita a yi zobe. Intanet ita ce ke haɗa ki da mutumin da yake neman abin saboda tsufan nasa, ko mai ƙawata otal ne a Yamai, ko ɗan kasuwar Kurmi a Kano, ko 'yar Maradi da ke aure a Faransa tana begen irin jeren da ta buɗe ido ta gani a ɗakin kakarta. Irin wannan mai saye yana iya ninka tayin dillali, kuma akwai daɗi na daban idan mutum ya san kayan mahaifiyarsa sun faɗa hannun wanda zai adana su. Sai dai a kula da tarko guda: farashin da ake gani a shafukan sayar da kaya irin su eBay yawanci abin da mai kaya yake fata ne, ba abin da aka biya ba. Shafin yana da wurin da ake duba kayan da aka riga aka sayar, kuma wannan lissafin ne kawai ya cancanci a dogara da shi.

Dalolin azurfar nan su ne suka fi buƙatar bayani, domin a kansu ake yawan yaudarar kai. Idan masu hoton mace ne a gefe ɗaya da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen, to dalar Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya, kuma za ki ga an rubuta 1780 a jikinta. Wannan ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga shekarar nan ake sa mata, har da waɗanda aka buga a Landan da Paris da Rum a ƙarni na 20, har da waɗanda ake bugawa a Biyana a zamaninmu. Nauyinta kusan giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa, saboda haka darajar mafi yawansu ba ta yi nisa da kuɗin azurfar da ke ciki ba. Wanda ya sa ta a intanet yana cewa ta haura shekara 240 zai yi ta jira, masana su wuce shi, 'yan damfara kuma su gane bai san abin da ke hannunsa ba. A irin wannan, maƙerin farin ƙarfe mai amana da sikelinsa ya fi saurin raba gardama, kuma amfanin intanet bai wuce ki duba farashin azurfa na ranar kafin ki fita ba. Haka batun yake ga kwabon Ingilishi mai huji da ke yawo a gidajenmu ta dalilin cinikin Katsina da Kano: an buga shi da yawan gaske, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada don ya tsufa kawai.

Kwanonin jere kuwa labarinsu daban ne, kuma su ne nake ganin sun fi cancantar wahalar intanet. Ki kifa kowanne ki duba hatimin da ke gindinsa, domin yakan nuna ƙasar da aka yi shi. Wanda aka rubuta wa Cekoslobakiya, alal misali, shaidarsa tana jikinsa, tun da ƙasar ta rabu biyu a farkon 1993. Saiti cikakke mai murafensa, wanda fentinsa bai ɓantare ba, ya fi a sayar da shi a haɗe, kuma dillali, saboda yana son kuɗi ya juya, ba ya jin nauyin warwatsa shi ɗaya-ɗaya. Keken ɗinki kuma a bar shi a gari. Lambar da ke jikin Singer na asali tana nuna shekarar da aka ƙera shi, kuma masana'antarsu ta Sikotilan ta rufe tun 1980, amma ƙarfe ne mai nauyi wanda kuɗin ɗaukarsa zai cinye ribar, alhali ga teloli a Maradi da za su zo su taka shi, su ji ƙararsa, su biya nan take.

Inda kasuwa ta yi wa intanet nisa shi ne wurin amana da biyan kuɗi. A ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da kasuwar Maradi take ci, mai saye yana riƙe da kaya a hannunsa, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, ya ƙirga kuɗi, dillali ya cire la'adarsa, magana ta ƙare. Idan wani abu ya taso daga baya, an san rumfar da za a je. A intanet kuwa za ki amsa tambayar "nawa ne na ƙarshe" har ki gaji, daga mutanen da ba su da niyyar saye, wani ya ce ki ajiye masa har ƙarshen wata sannan ya daina ɗaukar waya, wani ya turo hoton rasiɗin da ke nuna ya aiko da kuɗi alhali babu abin da ya shigo. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun sauƙaƙa ciniki tsakanin garuruwa ƙwarai, amma ƙa'idar ita ce kaya ba sa barin gida sai kuɗi sun shiga hannu, kuma hoton rasiɗi ba kuɗi ba ne. Shi ma mai sayen yana da nasa tsoron, domin bai san ki ba, shi ya sa ciniki mai nauyi yakan buƙaci wani ɗan'uwa a garinsa da zai nuna masa kayan ya karɓi kuɗin. Kin ga ke nan an sake komawa ga dillali, sai dai wannan ba a biyan sa.

Sannan ga hanya. Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma kwanon da aka jefa cikin kayan bas ba tare da an naɗe kowanne da tsumma ba yana iya isa da tabo, daga nan rigimar wa zai ɗauki asara ta tashi; a yanke wannan magana da ta kuɗin mota tun kafin a sallama. Masu saye na Najeriya sun fi kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, amma a tsayar da farashi da sefa, domin naira tana iya sauka tsakanin ranar tayi da ranar biya, kuma mun ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma na bayan Yulin 2023, ya bar kayan mutane a tsaye. Turai kuma ba na ba wanda yake farawa shawarar ya dosa. Gaskiya ne Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kuma shafin sayar da kaya na Etsy yana karɓar duk abin da ya kai shekara 20 a matsayin tsohon kaya, amma shafukan suna cire kasonsu, kuɗin aikawa yana da yawa, karɓo kuɗin daga waje sai da wanda yake da asusu a can, kuma mai saye yana iya cewa abin bai yi daidai da hoto ba ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Akwai kuma abin da doka ta shiga. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, kuma abubuwan da ake tonowa daga ƙasa, irin mutum-mutumin yumɓu na Bura da aka gano a yammacin ƙasar a 1975, ba kayan ciniki ba ne, haka nan an hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. Kwanoni da keken ɗinki ba su shiga wannan ba, amma idan a cikin adudu kin tarar da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na malamai ko takobin sarauta, ki dakata ki nemi shawarar ma'aikatar al'adu kafin wani baƙo a intanet ya ruɗe ki da tayi.

Murjani da tsakiya ido da hannu suke so, domin hoto ba ya bambanta na gaske da na roba ko gilas, saboda haka ko sayarwa za ki yi ko ƙari za ki saya, ki kai su wurin tsofaffin dillalai mata da suka san sanyinsu da nauyinsu. Abu na ƙarshe, kada ki bari yara su dirje tasoshin tagullar nan da toka da yashi don su yi kyau a hoto. Mai neman tsohon kaya duhun nan da shekaru suka bari a jikin ƙarfe yake biya, kuma dirza tana cinye zanen. Ki goge ƙura da busasshen ƙyalle, ki ɗauki hoto da hasken safe ta sama da ta gindi, ki nuna duk inda ya lotsa, ki rubuta faɗinsa da nauyinsa a ƙarƙashi.