Gudun Fanfalaki na Riyad: Abin da Mai Rajista Zai Tarar

Tseren Riyad yaro ne a cikin manyan tseren duniya. Na Boston tun 1897 ake yin sa, na Landan tun 1981, shi kuwa na Riyad sai ranar 5 ga Maris 2022 aka fara yin cikakkensa mai kilomita 42.195, inda aka tashi daga Jami'ar Sarki Sa'ud aka kuma ƙare a nan. Kafin haka an yi rabin zango a 2018, na maza zalla. Hukumar wasanni ta Saudiyya mai suna SFA, wadda Yarima Khalid bin Alwaleed ke shugabanta, ita ke shirya shi a ƙarƙashin tsarin ci gaban ƙasar na 2030, kuma tun daga 2022 maza da mata duk suna shiga.

Girman da ya yi cikin ɗan lokaci shi ne abin dubawa. Mutum sama da 10,000 ne suka shiga a 2022, aka haura 15,000 a 2023, aka haura 20,000 a 2024, sai ga sama da 40,000 a 2025. 'Yan Habasha ne suka fara cin kasuwarsu: Tsegaye Getachew ya lashe na maza a karon farko, Tadu Teshome ta lashe na mata. A 2023 Samir Jouaher na Maroko ya karɓe na maza.

To, me mai rajista ke samu? Zango huɗu aka yi daga 2022 zuwa 2025: cikakke, rabi mai kilomita 21.1, sai kilomita 10, sai kilomita 4 na iyali da yara. Ta intanet ake rajista, a je da iƙama (katin zama a ƙasar) ko fasfo kafin ranar a karɓi lambar ƙirji. A bayan lambar akwai 'yar na'urar da ke ɗaukar lokacin mutum. Kada a lanƙwasa ta, kada kuma a rufe ta da rigar sanyi, don idan na'urar kan layi ba ta karanta ba, an yi gudu amma suna ba zai fito a sakamako ba. Duk karon da aka yi daga 2022 zuwa 2025 ranar Asabar ya faɗo, wannan kuwa ya yi wa 'yan uwanmu na Jidda da Makka da Madina daidai: a shigo Riyad ranar Juma'a, a yi gudu Asabar da safe, Lahadi mutum na bakin aikinsa.

Inda tsarin ya burge shi ne titi. Kwalta ce mai faɗi, an rufe ta ga motoci, ga ruwa da ma'aikatan lafiya a hanya. Inda yake da wahala kuma shi ne cunkoso. Mutum dubu arba'in ba wasa ba ne, ga hanyoyi a rufe tun da duhu, don haka wanda ya ce sai ya idar da sallar asuba a unguwarsu sannan ya nemi tasi, to yana iya jin an tashi yana cikin mota. Gara a isa da wuri a yi sallar a can. Wurin tashi ma ba ɗaya ba ne kullum, a 2024 an koma wajen filin wasa na Kingdom Arena, saboda haka kada a kama masauki bisa taswirar bara. Ranar ita ma sai an duba, tunda azumi na matsowa kusa da lokacin tseren.

Amma babban abin da ke kayar da mutane iska ce. Riyad tudu ce, kusan mita 600 sama da teku, iskarta busasshiya ƙarau kamar hunturun Kano. Wanda ya saba gudu a bakin tekun Jidda yana gane ya yi gumi don rigarsa na jiƙewa sharkaf. A Riyad gumin na bushewa tun bai sauko ba, ga sanyin safiya, sai mutum ya ɗauka bai rasa ruwa ba ya riƙa wuce wuraren sha. Alamar ita ce farin gishiri da ke fitowa a gefen hula da goshi. Zuwa kilomita 30 rana ta ɗaga, sai jijiyar sharaɓa ta ɗaure, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Maganinsa a fara kurɓa tun tasha ta farko, kamar rabin kofi zuwa kofi duk minti 20, a riƙa haɗawa da abin sha mai gishiri da sukari. Kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da haɗari, yana rage gishirin jini. Ga masu dogon zango, dabino biyu ko uku duk minti 40 sun wadatar, da sharaɗin an gwada haka lokacin atisaye, don ba kowane ciki ke karɓar abinci ana gudu ba.

Sabon takalmi ranar tsere bororo ne kawai. A shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi. Mata masu gudu da hijabi su nemi yadi marar nauyi da ba ya riƙe gumi, auduga na yin nauyi.

Hukuncina: zangon iyali da na kilomita 10 sun cancanci kuɗin rajista ga kusan duk mai lafiya, kuma nan ne armashin taron yake. Rabin zango na son atisayen mako 10 zuwa 12. Cikakken kuwa, wanda bai yi mako 16 yana shiri ba, har ya taɓa yin kilomita 30 a tashi ɗaya aƙalla mako uku kafin ranar, ya haƙura ya yanki rabi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita kafin ya biya ko riyal ɗaya.