MuMa a Le Havre: inda ake ganin yadda Boudin ya zana sararin sama da teku

Duk wanda ke son sanin yadda mai zanen Faransa Eugène Boudin ya yi aikinsa, gidan adana zane-zane na André Malraux da ke Le Havre, birnin bakin teku a yankin Normandi, wanda ake kira MuMa, shi ne wurin zuwa. Daga tashar Saint-Lazare ta Paris jirgin ƙasa na kai mutum cikin awa biyu da 'yan mintuna. A kiyaye, ba a buɗewa ranar Litinin.

An buɗe ginin a 1961, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa, kuma kusan duk gilashi ne da ƙarfe. A saman rufin an jera faifan alminiyam masu tace hasken rana kafin ya sauko kan zanen. Amfanin wannan a bayyane yake: kana tsaye gaban gajimaren da Boudin ya zana, ka juya kai kaɗan, sai ga gajimaren gaske yana tafe a kan tekun da ya yi ta kallo tun yana yaro.

An haifi Boudin a Honfleur a 1824, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne, iyalin suka koma Le Havre a 1835. Da sayar da takardu da firam ɗin zane ya fara, a nan ya saba da masu zane irin su Millet da Troyon. A 1851 hukumar garin ta ba shi tallafin shekara uku ya je ya koyi zane a Paris. Shi ne kuma ya ja Claude Monet, yana matashi mai zanen barkwanci, ya fita da shi waje ya yi zane a fili. Boudin ya shiga baje kolin farko na masu salon impireshanizim, wato zanen da ke kama haske da yanayi yadda ido ya gan su nan take, a 1874, ya sami lambar zinariya a babban baje kolin Paris na 1889, ya rasu a Deauville a 1898.

Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Louis ya ba garin Le Havre abin da ya rage a ɗakin aikinsa, zane sama da 200, akasarinsu gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba. Wannan shi ne ƙashin bayan gidan. An rataye su kusa da juna, ƙanana ƙanana, sama a nan, shanu a makiyaya a can, jiragen kamun kifi a gefe. A matso kusa da ɗaya, kamar taku ɗaya daga bango. Za a ga layin da ya raba ruwa da sama ya sauko ƙasa sosai, sama ta cinye kashi biyu cikin uku na allon ko fiye. Shuɗin siriri ne har wani wuri ana hango launin katakon a ƙarƙashinsa, farin gajimaren kuma an ɗora shi da kauri tun shuɗin bai bushe ba, shi ya sa gefensa ya narke cikin sama. Mutanen da ke bakin ruwa kuwa ɗigo uku ne ko huɗu, baƙi da ja da fari. Sai an ja baya taku huɗu sannan su zama mata da lema. Gaggawar da ake gani a hannun tana da dalili: iskar Normandi kan sauya fasalin sama cikin ƙanƙanin lokaci, wanda ya tsaya gyara sai ya tarar abin da yake zanawa ya wuce. Ba banza mai zane Corot ya kira shi sarkin sammai ba.

Akwai abubuwan da kan ba maziyarci takaici idan bai sani ba tun farko. Zanen da ya yi da alli mai launi a kan takarda, waɗanda yakan rubuta rana da sa'a da yanayin iska a gefensu, ba sa jure haske, yana dusar da launinsu, don haka ba a barin irinsu a bango kullum. Hasken ginin ma yana da nasa aibi: da rana tsaka, zanen da ke bayan gilashi kan ɗauki ƙyalli, sai an karkata gefe kafin a ga launin da kyau. Wanda ya zo neman zanen fitowar rana na Monet na 1872, da ya yi a wannan tashar jiragen ruwa, ba zai same shi a nan ba, yana gidan adana zane-zane na Marmottan a Paris. Shahararrun zanen Boudin na masu hutu a gaɓar Trouville kuma sun watsu a gidaje da dama, har da na Orsay a Paris.

Awa biyu sun isa, a ba bangon Boudin rabinsu, sauran a duba tarin zanen da Hélène Senn-Foulds ta ba gidan kyauta a 2004, mai ɗauke da ayyukan Renoir da Pissarro da Sisley. Mai sauran lokaci ya haye gadar Normandi zuwa Honfleur, tafiyar kusan rabin awa a mota, inda wani ƙaramin gida mai sunan Boudin ke ajiye da wasu ayyukansa.