Kamfanin duba gini kafin saye: na biya su ina ƙunƙuni, ga yadda muka kwashe

Ni fa tun farko ban so ɗaukar su ba, gaskiya. Ginin da muke ciniki bene ne, shaguna shida a ƙasa ofisoshi a sama, fenti sabo fil, tayil sai ƙyalli yake, dillali kuma ya cika ni da cewa ko ƙusa ba zan buga ba. Bankin da zai cika mana kuɗin ne ya kafe sai an kawo rahoton lafiyar ginin daga injiniya mai lasisi, dole ta sa na nemi wani kamfani da wannan ce sana'arsu, ina tura kuɗin ina cewa a raina asara ce kawai.

Kafin ma su zo sai da suka nemi zanen ginin, takardar izinin gini, da duk wani rasit na gyaran da aka taɓa yi. Mai ginin rabi ya iya kawowa. Ranar aiki su uku suka zo, babban injiniyan dattijo ne mara yawan magana, sai wata baiwar Allah mai kula da ɓangaren wuta, da yaron da ke ɗaukar hoto yana rubutu.

Abin da ya fara ba ni mamaki, dattijon nan ko kallon fentin bai yi ba, rufin ya fara hawa. Dakin ne, wato rufin kankare, shimfiɗaɗɗe, bututun da ke sauke ruwan sama biyu cikin huɗu sun toshe da ƙasa da leda, har ga shatin inda ruwa ke kwanciya. Daga nan ya sauko shagon ƙarshe da ofishin da ke samansa, ya ɗauki wata 'yar guduma yana ƙwanƙwasa cikin dakin ta ƙasa, ko'ina ƙarar ƙal ƙal take, can wajen kusurwa sai ta koma bum bum kamar ana buga fanko. Ya ce, "Yallaɓai matso ka ji da kunnenka." Na ce, "Injiniya ni ban ga komai ba fa." Ya ce ai shi ya sa aka yi fentin.

Da izinin mai ginin ya ɓamɓare wajen kaɗan, sai ga rodi ya yi jajir da tsatsa yana marmashewa. Bayanin da ya yi min ban taɓa jin irinsa ba duk daɗewata da hulɗa da magina: siminti da kansa ne ke kare rodi daga tsatsa, amma iska tana cin wannan kariyar a hankali shekara da shekaru, idan danshi ya samu hanya sai rodin ya fara tsatsa, ita kuma tsatsa kumbura take ta ninka girman ƙarfen da ta ci, sai ta tura kankaren daga ciki har ya ɓalle. Ya fesa wani ruwa da suke kira finoftalin a wajen, inda simintin ke da sauran ƙarfin kariya ya koma ruwan hoda nan take, kusa da rodin kuwa ko gezau, launi bai canza ba. Pilolin kuma ya gwada su da wata na'ura mai sifirin a ciki da ke auna ƙarfin kankare, gudumar Schmidt, wai wani injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ne ya ƙirƙiro ta a 1948, suka fito lafiya ƙalau, a nan ne na ɗan sauke ajiyar zuciya.

Tsagewar bango da ni na fi tsoro ashe ba ita ce matsalar ba. Ya ɗora wani kati mai layuka a kai, duk ba su kai milimita 0.3 ba kuma a fulasta suka tsaya. Wadda ake gudu in ji shi ita ce mai tafiya a karkace kamar matakala daga kusurwar taga, gefe ɗaya ya fi faɗi, wannan tana nuna fandisho na zaunawa.

Ɓangaren wuta, baiwar Allahn nan ta haska kyamarar zafi a akwatin fiyus, waya ɗaya ta fito jazur a allon. Babu kuma na'urar nan mai yanke wuta idan ta fara zurarewa ta jikin mutum, mai miliamf 30. A ginin da ake haya fa!

Rahoton sun ce sun bi tsarin ASTM E2018 na Amurka, wato ƙa'idar duba lafiyar gini, kuma yadda suka raba shi ya burge ni: gyaran da ba ya jira daban, sannan teburin abin da zai tsufa cikin shekara 12 masu zuwa, famfon tura ruwa, shafen rufi, na'urorin sanyaya ɗaki, kowanne da shekarar da ake sa ran canza shi da ƙiyasin kuɗinsa. Da wannan teburin na zauna da mai ginin, kuma ragin da na samu ya ninka abin da na biya kamfanin sau da yawa. Ko mai sayarwa ne kai ko mai neman sabunta rance, gara ka ga wannan teburin kafin ɗayan ɓangaren ya riga ka gani.

To amma fa sun ɓata min rai. Kwana 10 suka ce, sai da aka yi 19 ina kira ana ce min gobe, saura ƙiris wa'adin banki ya wuce. Turancin rahoton kuma kamar don 'yan uwansu injiniyoyi suka rubuta, sai da na sake kiran dattijon ya warware min a waya, shi kam bai gajiya. Abin da ya fi ƙona min rai, shaguna biyu a kulle suke ranar ba su shiga ba, maimakon su faɗa min da baki sai na tsince shi can shafi na 41 cikin ƙananan rubutu. Sokawe ma ba a buɗe ba. Ku sani aikin nan yawanci na ido ne da na'ura, ba sa fasa bango sai an nemi izini an ƙara kuɗi, don haka tun kafin ku biya ku sa su rubuta muku abin da za su duba da wanda ba za su taɓa ba, kuma ku tabbatar duk makullai suna hannu ranar.

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, ɗayan jinkirin ne ya cinye shi. Tsohon silin ɗin sama suna zargin akwai asbestos a ciki, wani abu da ƙurarsa ke cutar da huhu, sun ce kar kowa ya huda ko ya yanka shi, an kai gutsurensa lab, sati mai zuwa nake jiran sakamako kafin kafinta ya shiga.