Tsohon teburin gefen kujera: sten zaka saya ko fenti?

Kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari ka kwaso gwangwanaye, kifa teburin nan tukuna ka duba ƙasansa, inda ba a taɓa shafa wa komai ba. Nan zaka gane da wane katako aka yi shi, kuma katakon ne zai faɗa maka abin da zaka saya, don in ka biye wa mai shago duk abin da ke kan kantarsa shi ne daidai.

In ka ga katako mai nauyi, ja-ja ko ruwan ƙasa, maɗaci ko loko irin wanda kafintocin da suke haɗa kayan ɗaki da shi, to gaskiya asara ce ka binne shi da fenti. Wannan sten yake so. Shi sten ruwan kala ne da katako ke shanyewa, kalar ta fito amma zanen katakon yana nan ana ganinsa. Sai dai fa akwai aiki, dole ka kankare tsohon banish gaba ɗaya har ka iske katakon tsirara, ka fara da sanfefa lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 220, kana bin yadda zanen ya kwanta ba gicciye ba, in ka gitta duk layin da ka ja sai sten ɗin ya tona maka asiri. Inda ka bar ɗigon tsohon banish kuma ba zai sha ba, sai teburin ya fito dabbare-dabbare. Sannan abin da mutane da yawa ba sa lissafawa, sten ba ya kare katako daga komai, kala ce kawai, aka ɗora kofin shayi ko gorar ruwan sanyi shikenan zobe ya zauna. Dole ka bi shi da banish shafi biyu ko uku. Kaga kuɗinka ya zama na sten, na banish, na tina (ruwan da ake tsinka banish da shi) da sanfefa.

In kuma fari ne sakayau, ka danna farce ya shige, katako ne mai laushi irin obeche. Ko ka tarar MDF ne, wato garin katako da aka matse ya zama allo, ko filawud da aka liƙa wa fomika, ko an taɓa cike ramuka da foti, wato ƙullun toshe rami. Nan kar ka wahalar da kanka, fenti ne maganinsu, don fomika ba ta shan sten sam, shi kuma MDF babu wani zane a jikinsa da za a nuna.

Fentin ma kala-kala ne. Na ruwa da ake shafa wa bango bar shi a bango, goga ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma zai fara fita. Fentin mai, wato gulos, irin na Berger ko Dulux, shi ne mai sauƙin samu kuma yana jure wanki, gwangwanin lita 1 ya ishi ƙaramin tebur har ya yi saura, kar a lallaɓe ka da galan mai lita 4. Matsalarsa jinkirin bushewa, sai ka bar shi ya kwana kafin shafi na biyu, in hunturu ne kuwa kuma ka shanya a tsakar gida duk ƙurar unguwa sai ta manne masa. Farinsa kuma yana komawa ruwan ɗorawa da daɗewa. Ka sa andakot tukuna, wato shafin farko da ake yi a ƙarƙashin fenti, musamman a kan MDF da bakinsa ke shan fenti ba ƙoshi.

Akwai kuma kai wa masu fesa. Nasu sumul yake fita, babu sawun buroshi, cikin mintuna ya bushe, amma kuɗin aiki zai iya kamo kuɗin sabon tebur, kuma a damina in iska ta yi laima yakan yi wani fari-fari kamar hazo. Gwangwanin fesa na hannu ya fi dacewa da ƙafafu masu lanƙwasa inda buroshi ke barin tsiyaya.

Ni dai in saman teburin katako ne mai kyau amma ƙafafun sun sha duka, raba musu nake so a yi, sten da banish a sama, baƙin fenti ko fari a ƙafafu da durowa. Sama ne kawai zaka kankare sosai, ƙafafun ɗan gogawa ya isa fenti ya kama. Ka gama saman ya bushe, ka rufe shi da jarida da salatif sannan ka taɓa ƙafafu.

Ka duba ko akwai ƙananan huji da gari yana zubowa, ƙwaro ne a ciki, sai ka ƙara da Solignum, maganin ƙwaron katako, a lissafi, amma marar kala zaka nema, baƙin yana da wari kuma yana ɓullowa ta cikin fenti. In tsohon fenti zaka kankare kuma, wasu tsofaffin fentin mai akwai dalma a cikinsu, ka yi aikin a waje da takunkumi, ka ɗan jiƙa sanfefar don ƙura kar ta tashi, yara su yi nisa har ka share wurin.