Shekara uku ina tafiya da rabin gwiwar ƙarfe da anka auna mani

Tun da mutane sunka ga na bar kujera a masallaci ake tare ni da tambaya a kan aikin gwiwar da anka yi mani, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Shekara kusan shida ina sallah a kan farar kujerar roba can ƙarshen sahu, gwiwar dama ta ƙi, in zan tashi daga tabarma sai ka ji ƙurus ƙurus kamar ana taka tsakuwa. Ba abin da ban gwada ba, man zafi, sassaƙe, har allurar cikin gwiwa sau biyu. Hoton da anka ɗauka nan Sakkwato ya nuna guringuntsin gefen ciki ne kawai ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, amma gefen waje da bayan ƙoƙon gwiwa lafiya lau, jijiyar tsakiya ma ba ta tsinke ba. Ashe wannan shi ne sharaɗin canja rabin gwiwa kawai da ƙarfe, in ɓarnar ta wuce gefe ɗaya babu zancen rabi, duka za su canja.

Ɗana da ke aiki Ingila shi ya dage a yi mani irin wanda ake ƙerawa daidai ƙashin mutum. Suna ɗaukar hoton siti sikan tun daga ƙugu har idon sawu su tura wani kamfani a Amurka, can ake ƙera ƙarfen da robar da ke shiga tsakani, har abin da likita zai ɗora ya yanka ƙashin naka ne kai kaɗai, an gama a jefar. Sai dai jira, wajen sati shida muna zaune can Ingila cikin sanyin garin mutane ina ta ƙorafi. Kuɗi kuma kar ma a yi magana, sai da fili na ya tafi, yaron ya cika sauran.

Ranar da anka yi aikin, da yamma sunka tashe ni tsaye, wallahi na ɗauka wasa suke. Sati biyun farko na sha wuya, barci ba ya yiwuwa, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Da na dawo gida na ci gaba da zuwa gashin ƙashi, yarinyar da ke yi mani ba ta da wasa ko kaɗan, tana lanƙwasa ƙafar ina salati tana cewa Baba ƙara kaɗan, Baba saura kaɗan. Allah ya yi mata albarka, rabin nasarar tata ce. Wata biyu na ajiye sanda, wata biyar na yi sujada ta farko a ƙasa, a ɗaki ni kaɗai don kar in faɗi a gaban jama'a, kuma ban ɓoye ba na yi hawaye.

Yanzu ina hawa kabu-kabu, ina zagaya Babbar Kasuwa da ƙafa, sau da yawa ma mantawa nake akwai ƙarfe a ciki sai na'urar filin jirgi ta yi ƙara. Amma zaman tahiya har yau bai cika ba, ina ɗan karkacewa ne, tsugunno kuma na haƙura na sa an canja mani masai zuwa na zama. Gefen tabon akwai wurin da ya mutu ba na jin taɓi, kuma da hunturu takan yi tsami da asuba.

Maganar daɗewa ita ce inda nake so mutane su buɗe kunne. Na tambayi likitan kai tsaye, likita shekara nawa zai kai ni? Bai yi mani daɗin baki ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cikin rabin gwiwa 100 kusan 70 na kaiwa shekara 25, cikakkiya kuma kusan 82. To amma wannan lissafin na gama-gari ne, irin su gwiwar ƙarfe mai suna Oxford da ake sawa tun 1976. Wanga na aunawa bai ma kai shekara 25 da fitowa ba, don haka duk wanda ya ce maka tabbas ya fi daɗewa, ciniki yake. Kuma ko ƙarfen bai yi komai ba, gefen da anka bari na iya cinyewa daga baya a koma a yi cikakkiya. Shi ya sa likitan ya ce in rage tumbi, na kuwa rage tuwon dare, fura ce dai na kasa bari.

Hoton bana ya nuna ƙarfen na zaune daram bai motsa ba, alhamdulillahi. Ta hagu ce yanzu ta fara gunaguni in na hau bene, kuma gaskiya in ta kai ga wuƙa ban ga zan sake saida fili ba, asibitin ƙashi na Dala zan nufa Kano in ji abin da za su ce a kan na gama-garin.