Mujallar Kimiyya da Fim ɗin Namun Daji: Wanne Ya Fi Karkata?

Wani ɗan uwa ya ce ya daina yarda da mujallun kimiyya na Turawa saboda ya ji sun zama 'yan siyasa, yana tambaya ko shirye-shiryen namun daji irin na BBC sun fi su tsafta. Malam, duka biyun suna da inda suka karkata, sai dai karkatar ba iri ɗaya ba ce, kuma wadda kake gudu ita ta fi sauƙin ganewa.

Wanda ya ba ka labarin mujallun bai yi ƙarya ba. Scientific American, da aka kafa a Amurka a 1845, ta yi shekara 175 ba ta taɓa tsayar da gwaninta a zaɓen shugaban ƙasa ba. A Satumbar 2020 ta fito ƙarara ta ce a zaɓi Joe Biden, hujjarta kuwa yadda Donald Trump ya yi watsi da shawarar masana a lokacin korona. A 2024 ta maimaita, ta goyi bayan Kamala Harris. Bayan zaɓen, babbar editarta Laura Helmuth ta zazzagi masu zaɓen Trump a dandalin sada zumunta na Bluesky, ta ba da haƙuri, ba a jima ba ta ajiye aiki. Mujallar Nature ta Ingila ma Biden ta bi a 2020.

A ganina sun yi ganganci, kuma akwai shaida. Wani bincike na Floyd Zhang da ya fito a 2023 ya nuna cewa magoya bayan Trump da aka nuna wa wancan goyon baya na Nature sun rage yarda da mujallar, har ma da masanan Amurka baki ɗaya, alhali ra'ayin mutane kan 'yan takarar kusan bai motsa ba. An zubar da mutunci, ƙuri'a ba ta ƙaru ba.

Duk da haka, a shafin sharhin edita aka rubuta wannan ra'ayi, a fili, kowa na gani. Kamar mai awo ne da ya manna fastar ɗan takara a rumfarsa: ka san inda ya dosa, amma mudunsa za ka duba. Labarin da ke shafi na gaba kan zazzaɓin cizon sauro ko taurari yana ɗauke da sunan masu binciken da inda aka buga shi, kana iya bi ka tantance. Kuma kada a haɗa komai a buhu ɗaya. Cewa hayaƙin man fetur da kwal na ɗumama duniya sakamakon awo ne. Cewa a zaɓi wane ra'ayi ne.

Fim ɗin namun daji ba shi da shafin edita. Ra'ayinsa yana cikin abin da kyamara ta ɗauka da abin da ta kauce wa, ga kiɗa mai taɓa zuciya, ga muryar David Attenborough, fitaccen mai gabatar da irin waɗannan shirye-shirye, da ba ka jin za ta yaudare ka. Shi ya sa irin wannan fim ke shan suka ta kowane ɓangare. A 2018 marubuci George Monbiot ya zargi Attenborough a jaridar Guardian da nuna duniya lafiya lau alhali ana ta lalata ta. A 2019 da shirin Our Planet na Netflix ya nuna walros, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure, suna faɗowa daga kan duwatsu a Rasha, ya danganta abin da narkewar ƙanƙara, sai masu musun ɗumamar yanayi suka ce farfaganda ce. A 2023 Guardian ta ruwaito cewa BBC ta ƙi saka wani kashi na shirinta na namun daji mai suna Wild Isles a talabijin don gudun fushin masu ra'ayin riƙau. BBC ta musanta, ta ce dama fim ne daban na intanet.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin wannan rigimar tasu. Ka lura da yadda ake nuna Afirka: fili fetal, zaki da giwa da gada, babu ɗan Adam ko ɗaya. Dajin Serengeti na Tanzaniya da ake yawan ɗauka ba haka Allah ya bar shi babu kowa a ciki ba. A 1959, zamanin mulkin Ingila, aka fitar da Masai makiyaya daga cikinsa. Fim ɗin zai yi awa guda bai ambaci wannan ba, idan kuma makiyayi ya bayyana, sau da yawa a matsayin barazana ga namun daji yake fitowa. Wannan ma siyasa ce, ta filaye da wanda ke da ikon zama a kansu, amma ba ta da tambarin jam'iyya, don haka mai kallo ke haɗiye ta ba tare da ya tauna ba. National Geographic, wadda ita mujalla ce mai dogaro da hoto, ta amsa irin wannan laifi a 2018, inda editarta Susan Goldberg ta ce sun yi shekaru da dama suna nuna wariyar launin fata a yadda suke gabatar da baƙaƙen fata.

Don haka kada ka bar mujalla ka koma fim da tunanin ka tsira. Karanta mujallar, ka tsallake sharhin edita in bai yi maka ba. Fim ɗin kuwa ka kalle shi da yara, akwai ilimi da yawa a ciki, amma ka jira ƙarshe ka karanta sunayen da ke wucewa. Our Planet da haɗin gwiwar WWF aka yi shi, ƙungiyar da ke da nata tsarin kan yadda za a kare daji.