F-250 mai ƙafa shida: daga kamfani ta zo haka, ko aikin gareji ne?

Mai neman tsohuwar akori-kurar Amurka a shafukan gwanjon motoci, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da tallar Ford F-250 ko Chevrolet C20 mai taya biyu-biyu a baya, kuɗinta kuma bai kai na F-350 ba. Kafin ka tura wa dillali ko sisi, ka sani cewa waɗannan motoci ba haka suka fito ba. Ajin da Amurkawa ke kira mai uku bisa huɗu na tan, wato F-250 da C20 da K20 da Dodge D250 da masu lamba 2500, ƙafa huɗu kamfani ya ba su. Taya biyu-biyu rabon ajin tan ɗaya ne: F-350, C30, D350 da masu lamba 3500. General Motors ya fara sayar da irin wannan akori-kura mai faffaɗan ƙugu a 1973 da sunan Big Dooley, Ford kuma ya bi sahu da F-350 a 1980. Kafin nan akwai masu tan ɗaya da ƙafa shida, amma galibi kai da shasi kawai ake sayarwa, mai saye ya ɗora bodin da yake so.

To daga ina masu ƙafa shidan nan suke fitowa? Daga gareji. Shekaru da dama ajin biyu suna amfani da tsarin notin wili iri ɗaya, noti takwas a kan da'irar inci 6.5, har Ford ya sauya nasa zuwa milimita 170 a 1999. Wannan ya sa aikin ya zo da sauƙi. Wasu kan ciro aksil ɗin baya na F-350 gaba ɗaya da sifirin da birkinsa su dasa, aikin da babu laifi idan ƙwararre ne ya yi shi. Wasu kuwa ƙarfe kawai suke ɗaurawa a bakin tsohon aksil don ya karɓi wili biyu, su manna marfin taya na roba a bodi, shi ke nan. Na biyun nan nake ce maka ka guje shi. Taya ta ƙaru, amma aksil da birki da shasi suna nan yadda suke, nauyin ma an tura shi waje, yana cin boris da kusoshi.

Abin da zai raba gardama yana jikin ƙofar direba. Akwai farantin da ke ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar haɗe da mutane da kayanta. C20 mafi ƙarfi ta shekarun 1980 tana tsayawa a fam 8,600, kusan kilo 3,900, ita kuwa C30 mai ƙafa shida fam 10,000 ce, kilo 4,500 da ɗoriya. Ko taya nawa aka ƙara, lambar nan ba ta motsawa. A motocin Chevrolet da GMC akwai takardar lambobi a akwatin gaban fasinja, R05 a jikinta na nufin kamfani ne ya sa taya biyu-biyu. Ka dubi ƙafar gaba ma: ta asali wilinta mai zurfin ciki ne irin na baya, don safaya ɗaya ta shiga ko'ina. Lambar shasi mai harafi da lamba 17, wadda ta zama doka tun 1981, ita ma tana faɗin ajin motar, don haka ka sa a karanta maka ita.

Sai batun wadda ta dace da kai. Ƙafa shida ta asali ba ta da tamka wajen jan tirela mai nauyi ko ɗaukar dogon lodi a kan kwalta: ba ta tangaɗi a kwana, in taya ɗaya ta fashe a baya kuma ɗayar za ta riƙe ka har ka tsaya. Amma faɗinta ya kusa mita 2.4, inda mai ƙafa huɗu ke wajen mita 2. Taya shida za ka riƙa saya. Dutse kan maƙale tsakanin tagwayen ya ci gefensu, auna iskar ta ciki ma aiki ne, kuma in babu kaya a bayanta santsi take yi a taɓo, a hanyar ƙauye kuma ƙafafun bayan ba sa bin sawun na gaba.

Ga mai zirga-zirgar gona a kan burji, ko mai ɗaukar buhuna da siminti jefi-jefi, ni F-250 ko 2500 mai ƙafa huɗu zan ce ya saya, da sharaɗin ta zama mai ƙarfin. A nan ma akwai tarko, domin ajin ya rabu biyu. Wasu C2500 na bayan 1988 noti shida gare su, F-250 mara nauyi ta 1997 kuwa noti bakwai. Ka nemi mai noti takwas wadda cibiyar aksil ɗinta ta turo waje a tsakiyar wili, alamar cewa bututun aksil ne ke ɗaukar nauyi, sandar ciki juya taya kawai take yi. Injin da giya sau da yawa ɗaya ne da na tan ɗaya: dizal Cummins mai lita 5.9 da Dodge ta fara sawa a 1989, ko dizal mai lita 7.3 na Ford, duk ana samun su a ajin biyu. Ka kuma tambayi girman wilin, don wasu tsofaffin na da inci 16.5, wanda samun tayarsa wahala ce ko a Amurka.

Idan kuwa lodinka kullum ya haura tan ɗaya da rabi, kuma a Kano ko Maraɗi za ta yi aiki, ka gwada farashinta da na Canter ko Dyna tukuna, waɗanda kusan kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna kasuwa.